Lamba 42 a gasar besbol ta Amurka

Ka ce me ya sa ba ka ganin ɗan wasa da lamba 42 a MLB, wato babbar gasar besbol ta Amurka. An jingine ta ne tun 1997 don girmama Jackie Robinson, baƙar fata na farko a gasar a wannan zamani, wanda ya fara buga wa Brooklyn Dodgers ranar 15 ga Afrilu, 1947. Masu ita a lokacin an bar su su ƙarasa, Mariano Rivera na Yankees ne na ƙarshe, ya ajiye a 2013.

Amma fa duk 15 ga Afrilu kowa 42 yake sawa, ba suna a bayan riga. Na taɓa zuba ido ina laluben gwanina a fili, ban gane shi ba sai da kyamara ta haska fuskarsa.