Tambaya da Amsa: Ƙwarewa ko Halin Kirki?

Tambaya: Malam, tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 rayuwa ta yi tsada, ga kuma matsalar tsaro. Ni a ganina ƙwararren shugaba muke buƙata ko da halinsa yana da rauni, domin kirki ba ya sauko da farashin masara. Abokaina sun ce na yi kuskure. Mene ne ra'ayinka?
Daga wani mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Ɗan'uwa, ba mai musun amfanin ƙwarewa. Sai dai idan al'amura suka dagule, kusan duk matakin da shugaba zai ɗauka yana neman talaka ya jure wahala yau bisa alkawarin samun sauƙi gobe, shi kuwa talaka ba shi da hanyar tantance lissafin masana, iyakar abin da yake iya dubawa shi ne yadda mai alkawarin yake tafiyar da rayuwarsa.

A Shekarar Toka, wajen shekara ta 18 bayan Hijira, fari ya afka wa Madina da kewayenta. Sayyidina Umar, Allah ya yarda da shi, ya yi aikin ƙwararru: ya rubuta wa gwamnoninsa, Abu Ubaida ya kawo ayarin abinci daga Sham, shi kuma Umar ya jinkirta karɓar zakka, ya kuma dakatar da haddin sata. Bayan haka ya rantse ba zai ɗanɗana man shanu ba sai jama'a sun wadata, ya koma wa gurasa da man zaitun har launin fatarsa ya sauya. Rantsuwar ba ta ƙara ko mudu ɗaya a rumbu ba, amma ta hana mayunwaci zargin cewa ana rabon son kai.

A nan gida, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na kama aiki, ranar 29 ga Mayu 2007, cewa zaɓen da ya kawo shi yana da nakasu, ya bayyana kadarorinsa ga jama'a, ya kafa kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Uwais don gyara tsarin zaɓe. Gwamnatinsa ba ta karɓi duk shawarwarin kwamitin ba, wannan kuwa abin zargi ne. Duk da haka, da ya yi wa tsagerun Neja Dalta tayin afuwa a Yunin 2009, dubbansu sun miƙa makamai cikin 'yan watanni. An yi musu tanadin alawus, gaskiya ne, amma a fahimtata mutumin da ke ɓoye a cikin fadama ba zai fito da bindigarsa ba sai ya tabbata ba tarko aka ɗana masa ba.