Shayin ɓawon lemo da ciwon gwiwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambaya ko gaskiya ne shayin ɓawon lemo yana rage kumburi, har ki ba Mama saboda gwiwarta. Na daɗe ina aiki a shagon magani, ina kuma shan shayin nan lokacin hunturu.

Maganar tana da tushe. A ɓawon lemo akwai wasu sinadarai da masana ke kira filabonoyid, suna rage lahanin da wasu gurɓatattun sinadarai ke yi wa jiki, suna kuma kwantar da kumburi. Babba daga cikinsu a lemon zaƙi shi ne hesperidin, wanda wani Bafaranshe ya fara tacewa tun 1828. Ya fi taruwa ne a farin nan mai laushi da ke ƙarƙashin ɓawo, wanda mai lemo ke bari idan ya fere, mu kuma mu tsotse ruwan mu jefar da shi. Ɓawon tanjarin yana da nasa, nobiletin da tangeretin, kuma 'yan Sin sun daɗe suna shanya shi su ajiye shekaru don girki da magani. Ƙwayar Daflon da likitoci ke rubuta wa masu basir ma daga irin waɗannan sinadaran aka haɗa ta, diosmin ne da hesperidin.

Sai dai yawancin gwajin kumburin a kan ɓeraye aka yi shi da cikin ɗakin bincike, da tataccen sinadari mai yawa. Hesperidin kuwa ba ya narkewa sosai a ruwa, don haka abin da ke shiga kofi kaɗan ne. Ni dai abin da na gani, shayin yana washe maƙogwaro yana sa cin abinci. Ban taɓa ganin wanda ya warke daga ciwon gwiwa da shi kaɗai ba. Mama ta sha, amma kada ta ajiye maganin asibiti.

Ki wanke lemon sosai da ruwan ɗumi kafin ki fere, saboda maganin feshi. Ki shanya ɓawon da farinsa a inuwa, ki tafasa kaɗan da citta. Zai yi ɗan ɗaci, zuma tana gyarawa.

Idan tana shan maganin hawan jini irin su nifedipine, ki nisanta ta da garehul (babban lemon nan mai ɗaci da Turawa ke kira grapefruit) gaba ɗaya, ruwansa da ɓawonsa, domin yana sa maganin ya taru a jini fiye da kima. Allah Ya ba ta lafiya.