Yawon Sallah da Cikin Yara

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. Yarana uku ne, babban shekara 7, autar shekara 2. Duk Babbar Sallah sai gudawa ta kwantar min da su. Gidan kakarsu a Kwarbai a ɗura musu nama, gidan gwaggo a Sabon Gari a ƙara da lemo da alawa. In na yi magana a ce na cika iyayi. Ya zan yi?
Maman Abba, Tudun Wada

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki hana su zumunci, kuma kada ki ja da kaka, ba za ki ci riba ba. Ni ban cika zargin naman ba. Abin da nake tsoro shi ne zoɓon ƙulli da ƙanƙarar da suke saye da kuɗin barka da Sallah a cunkoson kallon hawa a Ƙofar Fada, wanda ba ki san ruwan da aka haɗa shi da shi ba. Ga hannun da ya sha gaisuwa, ya damƙi kuɗi, sannan ya faɗa kwanon soye ba wanki.

Ki cika musu ciki da tuwo kafin su fita, kowa da gorar ruwansa daga gida. Naman da ya kwana a sake ɗumama shi sosai.

In gudawar ta zo, ki haɗa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na fakiti, yadda aka rubuta a fakitin, ki riƙa ba su kaɗan-kaɗan, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Kada ki daina ba su abinci. Autar ce abin lura: in idonta ya faɗa, ta ƙi shan ruwa, ko kika ga jini a bayan gida, ku nufi asibiti ko da tsakar dare ne.