Hukuncin sayen wuƙa mai kube mai sauƙin kuɗi don aikin yau da kullum

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah ina so in sayi wuƙa irin wadda ba ta naɗewa ɗin nan, mai kube, saboda aikina kullum sai na yanka igiya ko na farke kwali ko na fiƙe icce, kuma mai naɗewar da nake da ita ta fara girgiɗi har ta taɓa rufewa a yatsana. To wani abokina ya ce yawo da irin wannan wuƙar haramun ne tunda makami ce, wani kuma ya ce in dai zan saya in sayi mai tsada don mai araha asarar kuɗi ce, ni kuma ƙarfina bai kai ba. Sannan Malam in tana ƙuguna lokacin sallah ya yi zan iya sallah da ita?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. To ɗan'uwa, sayen wuƙa don aiki halal ne, ba wata tantama, kuma mai naɗewa da marar naɗewa hukuncinsu ɗaya. Asalin kayan amfani halacci ne har sai dalili ya zo da hani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Amru bin Umayya cewa ya ga Annabi (SAW) yana yankar nama daga kafaɗar akuya da wuƙa, aka kira sallah ya ajiye wuƙar ya tashi. A Muslim kuma ranar layya ya ce wa Nana A'isha (RA) ta miƙo wuƙa, sannan ya ce ta wasa ta a dutse. Kaga ke nan wuƙa kayan aikin gidan Annabi ce.

Amma abokinka na farko bai faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, akwai inda maganarsa take da gindi, sai dai ba a mallakar wuƙar ba, a yadda ake riƙe ta cikin mutane ne. Nan shari'a ta tsananta sosai, kuma nan nake so ka fi natsuwa. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wanda ya nuna ɗan'uwansa da ƙarfe mala'iku suna tsine masa har ya daina, ko da kuwa uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Dubi wannan ƙarshen da kyau, wa da ƙani fa, waɗanda kowa ya san wasa suke, amma ba a ɗaga ƙafa ba. A wata ruwayar ta Bukhari da Muslim an faɗi dalilin, mutum bai sani ba ko shaiɗan ya fizgi hannunsa. Saboda haka abin nan da matasa suke yi na zare wuƙa a kaɗa wa aboki ana dariya, ko a ɗora masa a wuya a ɗauki hoto, wallahi haramun ne, kuma mutane da yawa sun yi kuka a kan wasan da bai kai wannan ba. Haka hadisin Abu Musa, wanda zai ratsa masallaci ko kasuwa da kibau ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani rauni. Abu Dawud da Tirmizi kuma sun kawo daga Jabir hani a kan miƙa takobi a zare. In za ka ba wani wuƙarka ka miƙa ta cikin kubenta, ko ka ajiye ya ɗauka.

Daga waɗannan hadisan ne nake cewa a wuƙar da ba ta naɗewa, kuben ya fi komai muhimmanci, har ya fi ƙarfen. Kafin ka biya kuɗi ka zura ta a kube ka kifa shi ka ɗan girgiza, in ta zamo ta faɗo to bar ta, ko da kyauta aka ba ka. Ka duba bakin tsinin ma, kada ya zama yana iya huda kuben in ka sunkuya ko ka zauna. Wuƙar da kubenta ba ya riƙe ta, yawo da ita cikin jama'a ya shiga ƙarƙashin ƙa'idar nan ta ba cuta ba cutarwa.

Sai dokar inda kake. Wannan wajibi ne ka bincika, don hukuma tana da ikon taƙaita halal saboda kare rayuka, kuma aya ta 59 cikin Suratun Nisa'i ta umarce mu da biyayya ga majiɓinta lamari cikin abin da ba saɓo ba. Ƙasashe sun bambanta, a Ingila fita da wuƙa marar naɗewa cikin jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili kamar aiki ba laifi ne komai ƙanƙantarta, a Jamus kuma an sa iyaka a santimita 12 na tsawon ruwan wuƙar, wato ƙarfen da yake yanka. Jirgin sama kuwa ba a shiga da ita a jakar hannu. In doka ta hana ka bar ta a wurin aiki ko cikin akwatin kayan aiki, ba ka rasa komai ba. Kuma ko doka ba ta hana ba, ni ban ga dalilin zuwa taro ko makaranta da ita ba, balle wurin da ka san ana iya samun cacar baki. Mai saurin fushi kuwa, wanda ya san kansa, ina ba shi shawara kar ya ɗaura ta a jiki sam.

Maganar tsada kuma, abokinka na biyu ya yi kuskure. Allah ya yabi bayinsa a Suratul Furƙan aya ta 67 da cewa in za su kashe kuɗi ba sa almubazzaranci ba sa ƙwauro, suna tsakatsaki. Cin bashi ko matse abincin iyali don wuƙar da igiya da kwali za ta yanka ba hankali ba ne. Haka nan sayen tarkacen da zai karye a sati biyu ka sake saye shi ma ɓarnar dukiya ce. Akwai wuƙaƙe masu sauƙin kuɗi da suka yi suna wajen ƙarko, misali Morakniv ta ƙasar Suwidin, ƙotarta roba ce ba wani ado, ruwanta wajen santimita 10, kuma masu aikin icce da masu shiga daji sun daɗe suna amfani da ita. Ba talla nake mata ba, ina so ka gane cewa kuɗin da ake zubawa a masu tsada yawancinsa na suna ne da kwalliya.

Abin da za ka duba kaɗan ne. Ruwa tsakanin santimita 8 zuwa 12 ya ishe ka, kaurinsa milimita 2 zuwa 3, don mai kauri sosai tana da ban sha'awa a ido amma ba ta ratsa abu da kyau. Ƙarfen ya shiga cikin ƙota sosai, in ya ratsa ta har ƙarshe ya fi, kuma ka murɗa ka ji ba ya motsi. Ƙotar ta zauna a hannunka ko da gumi, ta kasance da ɗan tudun da zai tare yatsa kada ya zame kan kaifi, tunda kai ka riga ka ɗanɗana. Ƙarfen kuma iri biyu ne, baƙin ƙarfe mai kabon kamar wanda ake kira 1095 yana saurin wasuwa yana kaifi sosai amma yana tsatsa in ba a goge shi an shafa mai ba, sai wanda ba ya tsatsa, wanda aka haɗa da kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ya fi dacewa da mai aiki cikin laima ko wanda ba shi da lokacin lallaɓa wuƙa. Ka ware ɗan wani abu ka haɗa da dutsen wasawa, don dakusasshiyar wuƙa ta fi yanka mai ita, sai ka danna da ƙarfi ta goce. In kuma wata rana za ka yi yanka da ita to wasawar ta zama umarni, hadisin Shaddad bin Aus a Muslim ya ce mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa, kuma ƙaramar wuƙa irin wannan kar ka tunkari babbar dabba da ita.

Ka guji jabu, wadda aka buga mata sunan kamfanin da ba shi ya ƙera ba. Mai sayar da ita a matsayin ta asali algus ya yi, Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka guji mai adon zinare ko azurfa ma, Ibn Abi Zaid a Risala ya halatta azurfa a zobe da takobi da Alƙur'ani, ya ce ba a sa ta a wuƙa.

Sallah da ita a ƙugu ta inganta matuƙar tana cikin kube kuma ba najasa a jikinta, in ka yi yanka ka wanke jinin tukun. Abin lura shi ne kuben fata. In fatar alade ce ka nisance ta. In ta dabbar da aka yanka ce ba komai. In kuma ta mushe ce da aka jeme, Hanafiyya da Shafi'iyya suna ganin jima ta tsarkake ta saboda hadisin Ibn Abbas a Muslim, mashhurin Malikiyya kuwa a yi amfani da ita a busassun abubuwa amma ba a sallah da ita. Wanda bai san asalin fatar kubensa ba ya cire ya ajiye kafin ya tayar, ko tun farko ya sayi mai kuben roba, wanda ga araha ga shi ana wanke shi da ruwa. A cikin sahu kuma ni na fi so ka cire ta ka sa a jaka, don ƙotar tana tokarar na kusa da kai, wani kuma ganinta kawai zai ɗauke masa hankali daga sallarsa.

Wallahu a'alam.