Riyal na tsaye, naira na tangal-tangal

Tambaya: Malam, ni tela ne a Jidda, duk wata ina aika wa mahaifiyata kuɗi Kano. Me ya sa riyal ba ya motsi, amma naira kullum sai faɗuwa?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da wannan zumunci. Tun 1986 Saudiyya ta ɗaure riyal da dala, riyal 3.75 dala ɗaya, kuma dalolin man fetur ke riƙe da igiyar. Shi ya sa in babban bankin Amurka ya ƙara kuɗin ruwa, na Riyad ma sai ya bi sahu.

Daga 2022 zuwa 2023 Amurka ta ɗaga ruwan daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5. Masu jari suka kwashe kuɗinsu suka koma can, ƙasashen da suka ci bashi da dala suka ji jiki. Ghana ma a Disamban 2022 ta dakatar da biyan yawancin bashinta na waje. Najeriya kuwa ta saki naira a Yunin 2023, wato ta bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta, shi ya sa take tangal-tangal.

Ni dai a ganina, kada yawan nairar da Hajiya ke karɓa ya ruɗe ka. Tambaye ta nawa mudun shinkafa yake yanzu.