Ku Tambayi Likita: An buɗe jijiyar, me ya sa zuciyar Baba ke ƙara rauni?

TAMBAYA: Likita, mahaifina ya samu bugun zuciya bara, aka buɗe masa jijiyar da ta toshe. Yanzu hoton zuciya ya nuna ta ƙara rauni, shi kuma ya ce ya gaji da haɗiyar ƙwayoyi tunda ba ya jin ciwo. Ba an riga an gyara ba? Daga wata mai karatu a Gusau.

AMSA: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. An gyara hanyar jini, amma tsokar da ta mutu ba ta dawowa.

Idan jijiya ta toshe, cikin minti 20 zuwa 30 ƙwayoyin halittar da ke tsakiyar wurin da take kai wa jini suke fara kumbura suna fashewa. Na gefe kuwa, masu samun ɗan jini kaɗan, ba sa fashewa. Wasu daga cikinsu da kansu suke kashe kansu, bisa wani tsari da ke cikin halittarsu, wanda masana a Sukotland suka raɗa wa suna afoftosis a 1972. Ƙwayar takan tsuke, ta daddatse abin da ke cikinta, jiki ya kwashe ba hayaniya. Kamar gobarar kasuwa ce: wuta ta cinye wasu rumfuna, na kusa da suka tsattsage kuma masu su suka rushe da hannunsu. Wannan rushewar takan ci gaba makonni, har watanni, muddin zuciyar tana aiki fiye da ƙarfinta.

Ga inda gizo ke saƙar: zuciya ba ta da saurin mayar da gurbi. Binciken Cibiyar Karolinska ta Suwidin a 2009 ya nuna kusan kashi 1 cikin 100 na ƙwayoyinta ne ke sabuntuwa a shekara ga ɗan shekara 25, na dattijo bai kai rabin haka ba. Tabo ne ke cike gurbin, shi kuwa tabo ba ya harba jini.

An gwada maganin da zai kare ƙwayoyin halittar zuciyar kai tsaye, irin saikulosporin a Faransa a 2015, bai yi tasiri ba. Abin da ke hannunmu shi ne waɗannan ƙwayoyin magani da Baba ya gaji da su, irin su lisinopril da bisoprolol, masu rage wa zuciya nauyi. Ni dai masu cewa "ai na warke" sun fi ba ni tsoro. Ku lallaɓa shi ya ci gaba da sha, a rage gishiri da dunƙule a miyarsa. In ƙafa ta kumbura ko ya kasa kwanciya sai an tara masa matasai, ku kai shi asibiti a ranar.