Sha'irin da ya mutu a 1918, ya sa hannu a littafin 1920?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Ingila, ina karatun adabi, kuma na fara tara tsofaffin littattafan waƙoƙin Yaƙin Duniya na Ɗaya da ɗan abin da nake ragewa a kuɗin abinci. Wani mai sayarwa a intanet ya tallata mini guda biyu. Na farko diwanin Wilfred Owen ne, Poems, bugun 1920, ya ce akwai sa hannun mawaƙin a ciki. Na biyu Counter-Attack na Siegfried Sassoon, bugun 1918, an rubuta a shafin farko cewa kyauta ce daga Sassoon zuwa ga wani hafsa da suka yi yaƙi tare. Ya ce zai haɗa mini da takardar shaidar inganci. Wanne ya fi daraja, kuma yaya zan gane na gaske?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna.

Na farkon ba sai mun wahala ba. An kashe Wilfred Owen a Faransa ranar 4 ga Nuwamba 1918, saura mako guda a tsagaita wuta. Waƙoƙinsa biyar kacal aka buga yana raye, su ma a mujallu. Littafin da aka tallata maka kamfanin Chatto & Windus ne ya fitar da shi a ƙarshen 1920, da waƙoƙi 23 da gabatarwar Sassoon, kuma marubuciya Edith Sitwell ce ta yi yawancin aikin tace shi. Owen na da shekara biyu a ƙasa kafin tawada ta taɓa wannan takarda. To da wane hannu ya sa?

Abin da za a iya samu a ciki bai wuce kaɗan ba. Ko dai an yanko sa hannu daga wata takarda an manna, ko sa hannun bugu ne irin wanda maɗaba'u kan saka ƙarƙashin hoton marubuci, ko kuma wani ya zauna da alƙalami ya ƙirƙira. Akwai abin da zai yiwu kuma mai daraja: kwafin littafin Owen da Sassoon ya yi wa wani rubutun kyauta a ciki, ko Sitwell, ko wani daga cikin dangin mamacin. Amma ba haka mai sayarwarka ya ce ba. Wanda kuwa bai san ranar mutuwar Owen ba, ko ya sani ya yi shiru, ni ba zan karɓi maganarsa a kan littafi na biyu ba sai da hujja.

Wannan ita ce tambayar farko a harkar waƙoƙin yaƙi, kafin a zo maganar tawada ko takarda: shin mai waƙar na raye lokacin da littafin ya fito? Da yawansu ba su ga littattafansu ba. Rupert Brooke ya rasu a Afrilun 1915 kusa da tsibirin Skyros na Girka, 1914 and Other Poems ya fito bayan haka. An kashe Charles Sorley a Loos ta Faransa a Oktoban 1915, diwaninsa ya fito a 1916. Edward Thomas ya mutu a Arras a Afrilun 1917, kafin Poems nasa ya shiga kasuwa. John McCrae ɗan Kanada ya rasu a Janairun 1918, littafinsa sai 1919. Ko a nan gida haka abin yake: Christopher Okigbo ya mutu a yaƙin basasa a 1967, Labyrinths ya fito a 1971, don haka sa hannunsa sai a ƙananan littattafan da ƙungiyar marubuta ta Mbari ta buga masa a Ibadan tun yana raye. Isaac Rosenberg, wanda aka kashe ranar 1 ga Afrilu 1918, shi ne ya ɗan bambanta. Talaka ne daga gabashin Landan, da kansa ya nemi a buga masa ƙananan ƙasidu uku, Night and Day a 1912, Youth a 1915, Moses a 1916, kwafi kaɗan kaɗan, yana raba wa waɗanda yake fatan su karanta. Masu tarawa suna rububin irin waɗannan, domin hannunsa ya taɓa su.

Sassoon kuwa ya yi tsawon rai, sai 1967 ya rasu, kuma ya sa hannu a littattafai da yawa. Saboda haka sa hannunsa shi kaɗai ba wani abin ɗaga hankali ba ne. Abin da ake biya wa kuɗi shi ne wa aka ba, yaushe, kuma me ke tsakaninsu. Littafin da wani baƙo ya miƙa masa a 1950 ya rattaba suna daban, wanda shi da kansa ya aika wa aboki a makon da ya fito daban. Sama da su duka akwai kwafin mutumin da aka sadaukar wa littafin a bugu. The Old Huntsman na 1917 ga marubuci Thomas Hardy aka sadaukar da shi, Counter-Attack kuma ga abokin Sassoon, Robert Ross. Kwafin da ya shiga hannun Ross guda ɗaya ne a duniya a wannan matsayi, ba a yin na biyu.

Bari in ba ka misalin da ke nuna dalilin da ya sa mutane ke haukacewa a kan rubutun layi biyu. A watan Agustan 1917, a asibitin Craiglockhart da ke Edinburgh, inda ake jinyar hafsoshin da rugugin yaƙi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa, wani matashi mai in'ina ya ƙwanƙwasa ƙofar Sassoon ɗauke da kwafe-kwafen The Old Huntsman, yana roƙon a sa masa hannu, nasa da na waɗanda zai ba. Sassoon na zaune yana goge sandunan wasan golf. Sai da matashin zai fita ya ce shi ma yana ɗan taɓa waƙa. Owen ke nan. Daga wannan sa hannun aka ƙulla abotar da ta kai ga Sassoon na yi masa gyara da fensir a kan waƙarsa "Anthem for Doomed Youth", takardun da yanzu ke ajiye a Laburaren Birtaniya. Ka ga kwafin da aka sa wa hannu a ranar nan takardarsa ɗaya da sauran kwafe-kwafen bugun, amma shi shaida ne na yadda adabin Ingilishi ya samu ɗaya daga cikin manyan sha'iransa.

To mu dawo kan naka. Abin da kake nema shi ne salsalar littafin, kuma hanyar ba baƙuwa ba ce ga wanda ya zauna a gaban malamin hadisi: wa ya karɓa daga wa, shin sun yi zamani ɗaya, shin sun haɗu, kuma ina aka samu yankewa. Ka fara da sunan hafsan. Sassoon a rundunar Royal Welch Fusiliers ya yi aiki. Naɗin hafsoshi ana buga shi a jaridar gwamnati, London Gazette, wadda ake iya bincikawa kyauta a intanet, kuma fayilolin hafsoshi da yawa na nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kew. Idan mutumin bai taɓa zama a bataliya ɗaya da Sassoon ba, labarin "sun yi yaƙi tare" ya fara tangal-tangal.

Sannan ka auna kwanan watan da inda Sassoon yake. A farkon 1918 ya je Falasɗinu, ya koma Faransa a watan Mayu, littafin ya fito a tsakiyar shekara yana can, aka harbe shi a ka a watan Yuli (wani sajan nasu ne ya yi kuskuren ɗaukarsa Bajamushe), aka kwaso shi asibiti a Landan. Rubutun da ya ce "Landan, Yuni 1918" ya ci karo da wannan. Haka wanda ya ce an ba Ross a 1919, domin Ross ya rasu a Oktoban 1918. Masu jabu sukan ƙware a kwaikwayon hannu, amma a kwanan wata suke yawan zamewa. Kai kuwa ka yi sa'a: Jami'ar Cambridge ta sayi takardun Sassoon a 2009 kan fam miliyan 1.25, ta kuma ɗora littattafan ajiyar bayanansa na yaƙi a intanet a 2014. Kana zaune a ɗakinka za ka ga hannunsa na wancan lokacin, shafi bayan shafi, da yadda yake sarƙa harafin S biyu a matsayin tambarinsa. Ka kwatanta da rubutun shekarar, kada ka kwatanta da na tsufansa. Kuma kada ka tsaya a kan sa hannun, nan mai jabu ya fi yin atisaye. Duba ƙananan kalmomi da lambobin shekara.

Maganar tawada a taƙaice: biro bai shiga kasuwa sosai ba sai tsakiyar shekarun 1940, don haka "1918" da biro ƙarya ce tsagwaronta. Sabuwar tawada a kan tsohuwar takarda takan nashe a gefen haruffa. Tsohuwa kuma sau da yawa takan bar ɗan inuwa a shafin da ke fuskantarta. Ka duba ko shafin da aka yi rubutun na littafin ne tun asali, ko an ciro shi daga wani an liƙa. Ba za ka ga wannan a hoton waya ba, sai littafi a hannu.

Wani abu da ke rikita sababbi: bayan rasuwar Sassoon an yi gwanjon laburarensa a gidan gwanjo na Christie's a 1975, kuma littattafai da dama da suka fito daga gidansa na ɗauke da ƙaramin tambarin S biyu da aka manna bayan mutuwarsa. Tambarin na nuna littafin ya zauna a gidansa. Ba ya nuna cewa duk rubutun da ke ciki nasa ne, kuma abin da aka manna ana iya ɓamɓare shi a kai wani wuri.

Takardar shaidar ingancin da ya yi maka alkawari fa? A ganina ba ta kai kuɗin bugunta ba. Wanda zai ƙirƙiri hannun mamaci ba zai gaza buga satifiket ba. Harkar nan ta ga manya sun yi abin kunya: Thomas J. Wise shi ne ake ji da shi a masu tara littattafai a Ingila, har sai da John Carter da Graham Pollard suka fallasa a 1934 cewa ɗimbin ƙasidun da suka bi ta hannunsa jabu ne, ta hanyar gwajin takarda da nau'in haruffan bugu. Abin da za ka nema a maimakon satifiket shi ne tsohon rasit, lambar kaya da ranar gwanjon da littafin ya taɓa bi, tambarin tsohon mai shi, ko wasiƙa daga iyalan hafsan. Ka tambaye shi kai tsaye a ina ya samo. Dillalin kirki yakan ji daɗin wannan tambayar, don a nan cinikinsa yake. Ka kuma samu Bibliography of Siegfried Sassoon na Geoffrey Keynes, 1962, a laburaren jami'arku, ka tabbatar bugun farko ne da gaske, domin an sake buga Counter-Attack ba sau ɗaya ba.

Shawarata ga ɗalibi mai ragin kuɗin abinci: ka bar wa wannan mutumin kayansa duka biyun, sai fa in ya kawo salsalar na biyun a rubuce, ya kuma yarda ka mayar in masani ya ce a'a. Ka fi samun kwanciyar hankali wajen dillalan da ke cikin ƙungiyar masu sayar da tsofaffin littattafai ta Birtaniya, ABA, waɗanda ke karɓar kayansu in bayanin da suka yi ya zama ba daidai ba. Ka fara da bugun farko mai tsafta marar sa hannu, ko sha'iran da suka rayu bayan yaƙin kamar Edmund Blunden, wanda rubutunsa ya fi samuwa kuma ya fi sauƙin tantancewa.

Duk wanda ka saya, kada ka goge sunan tsohon mai shi don littafin ya yi kyau, kada ka sa salatif, kada ka kai a sauya masa bango. Ka ajiye rasit ɗinka da bayanin dillali tare da shi, domin kai ma yanzu ka shiga salsalar. In kuma za ka dawo da shi gida, ka nema masa akwati mai rufi nesa da bango da ƙasa, saboda gara da laimar damina.